Fuskar Agogo Ta Fi Ta Mai Shi Daraja

Tun ranar da labari ya iso Icirnawa cewa Turawa na sayen tsohon agogo da kuɗin da ya fi na garken shanu, babu adakar tsohuwar da ta sake kwana lafiya. An zazzage akwatunan ƙarfe, an kwance ƙunshin tsummokara. Jikokin da ba su taɓa tambayar inda kabarin kakansu yake ba, yau su ne ke tsare kaka da tambayar inda marigayi ya ajiye West End ɗinsa. Wani ɗan ci-rani ne ya jawo mana. Ya gani a waya cewa a 2017 an yi gwanjon Rolex ɗin Paul Newman, ɗan fim ɗin Amurka, a birnin New York, ya tashi a kan dalar Amurka miliyan 17 da ɗoriya. Mai shago ya ce bari ya juya su zuwa sefa, kalkuletarsa ta ƙi ɗauka.

Da ma can ba don lokaci muke ɗaura agogo ba, kowa ya sani. Ka lura da mutum ranar da ya yi sabo: hannun hagu ne ke nuna hanya, shi ke sosa ƙeya, shi ke gyara hula. Tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya laluba aljihu ya ciro waya. Akwai kuma alhazan da suka bar Rado ɗinsu a kan lokacin Makka, awa biyu gaba da namu, shekara da shekaru, don kawai ka ce, "Alhaji, agogonka na gudu," su samu ƙofar ba ka labarin Mina da Arfa. Kuma da wannan agogon mai gaba da awa biyu Alhaji zai iso ɗaurin aure bayan an shafa fatiha an raba goro.

Yanzu kuwa kowa ya zama malamin fuskar agogo, tunda an ce a can kuɗin yake. Je ka majalisa bayan la'asar ka sha kallo. Wani ya kara a kunne, wani ya shinshina, wani ya ɗaga wa rana yana ƙanƙance ido. Gwaninsu shi ne mai maganaɗisu, wanda ya cire daga tsohuwar rediyo. Hukuncinsa ɗaya ne: in bai kama ba, zinariya ce. Matsalar ita ce yawancin fuskokin agogon nan faifan tagulla ne aka shafa wa fenti ko ruwan azurfa, ita kuwa tagulla maganaɗisu ba ya kama ta, don haka a hannun gwani duk garin ya zama na attajirai. Abin da bai faɗa wa masu agogon ba shi ne, maganaɗisu na rikita siririn zaren ƙarfen da ke daidaita tafiyar agogo, ya sa shi gudu ba kai ba gindi.

Fuskokin da suka bambanta ba sa buƙatar wannan wahala. Akwai wadda ake yi da garin gilashi, a gasa a wuta mai zafin digiri 800, irin ruwan da ke jikin kwanon samira. Ba ta koɗewa, sai dai ta yi ƴan siraran tsagu, an fi ganinta a agogon aljihu na da. Akwai ta cikin ɓawon dabbar teku, wadda in ka karkata ta launi ke sauyawa. Ido kaɗai ya isa.

Amma ina, sai an kai ga harshe. Wani dattijo ya sa an ɓalle gilashin agogon mahaifinsa, ya kai baki zai ɗanɗana lambobin.

"Kawu, me za ka ji a ciki?"

"Ɗana, zinariya zaƙi gare ta. Ku yaran lakkol me kuka sani?"

To, ga abin da yaran lakkol suka sani. Lambobin tsofaffin agogon da ke haske da dare, da fenti mai radiyam aka zana su. Daga 1917 ƴan matan da ke wannan aiki a wata masana'anta a jihar New Jersey ta Amurka suna gyara tsinin buroshi da leɓe, da yawansu ƙashin muƙamuƙinsu ya ruɓe, wasu suka mutu. Hasken ya daɗe da mutuwa, amma gubar na nan, don radiyam sai ya yi shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. A shekarun 1960 ne aka koma wani sinadari mai sauƙin illa, shi ya sa aka riƙa sa harafin T kusa da kalmar Swiss a ƙasan ƙarfe shida. Kawu dai ya ce ƙaryar Nasara ce, ya lasa.

Wanda kakarsa ta yanke saƙa shi ne mai gyara, da ɗan akwatinsa na gilashi a kasuwar Matameye. Kowa na kawo masa da roƙo ɗaya: "Malam, a wanke masa fuska ya fito fes." A nan ne dukiyar ke ƙonewa, in ma akwai ta. Masu tara agogo tsufan suke saye. Baƙar fuskar da rana ta dafa ta koma ruwan ƙasa, ita suke rububi, a wasu samfuran har ta fi mai kyau tsada. Ranar kuwa Allah ya hore mana ita kyauta a ƙasar Damagaram. Sai mu ɗauki abin da ya yi shekara hamsin yana nuna a gonar gero da fadamar rake, mu biya jaka guda a yi masa bilicin.

Wanda bai gaji komai ba kuma ya nufi Kasuwar Dole ko Sabon Garin Kano ya sayo "tsoho". Seiko 5 ta fito tun 1963, an ƙera miliyoyi, kuma masu fuska kore shar ko ja wur da ake yayi, da dama a Mumbai ta Indiya aka sake musu fenti. Agogo ɗaya tak ke faɗin gaskiya a garin nan, ƴar Casio ta roba da ta fito a 1989, wadda ke hannun ladan. Ita kuwa ko tayi ba a yi mata.

Don haka jama'a, mai agogon gado ya bar shi a rufe, kada ya lasa, kada ya kai a wanke, kada ya ba mai maganaɗisu. Wanda kuma ya gaji da jiran Bature, ya kawo mini nasa yadda yake da dattinsa. Jaka biyu nake biya, lakadan.