Yadda Ake Gurfanar da Ruwan Randa Gaban Alƙali

Mutanen Ƙaraye da Rogo maƙwabtan babban ruwa ne. Dam ɗin Challawa, wanda Julius Berger ya kammala a 1992, yana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, kuma daga nan yake gangarawa har birnin Kano ya samu rabonsa. Amma ruwan da ɗan garuwa ya juye muku a randa, na dam ne ko na rafi ko na rijiyar da damina ta cika, bai zo da takardar shaidar hali ba. Saboda haka kafin yara su kai shi baki, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a zaunar da kotu. Ga yadda zaman yake tafiya.

1. A sallami shaidun zur

Su uku ne, kullum tare suke zuwa: ido, hanci da harshe. Ido zai rantse ruwan garau yake, hanci ya ce bai ji komai ba, harshe ya ce har garɗi gare shi. Ƙwayar kwalara da ta taifot ba su da launi, ba su da wari, ba su da ɗanɗano. In Baba ya yi gyaran murya ya ce kakansa ruwan Challawa ya sha har ya tsufa, a durƙusa a ce, "Allah ya jiƙansa, Baba," a ci gaba da shari'a. A 2021 fiye da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

2. A tsare wanda ake tuhuma

A tace ruwan da farin ƙyalle mai tsabta, a rufe shi, a bar shi ya kwanta. Laka za ta sauka ƙasa da kanta. Tsarewar tana da wani amfanin: tsutsar tsargiya da ke fitowa daga katantanwar bakin dam ta fata take shiga, kuma in ta rasa jikin mutum ba ta wuce kwana 2 a raye. Ruwan wanka da ya kwana 2 a duro ya rabu da ita. Na wankan jego kuwa ya riga ya sha wuta, an wanke shi daga zargi.

3. A kira dogari, a hana shi wuce gona da iri

Dogarin kotun nan alif ne. Aikinsa ya tattara ƙananan laka su dunƙule su nutse. Uwargida, a yi haƙuri, alif ba gishirin miya ba ne da za a ɗebo da tafin hannu. A riƙe ɗan gutsure a jujjuya cikin ruwan na ɗan lokaci, a cire, a jira, a tsiyaye na sama cikin wata randar. In ya yi yawa, ruwan zai yi tsami ya ɗaure harshe. Wanda yake da zogale a bayan ɗaki yana da dogari na biyu: a ɓare busassun 'ya'yan, a daka, kimanin ƙwaya 1 ga kowace lita ta ruwa mai laka, a motsa sosai, a jira, a tsiyaye, kada ruwan ya kwana. Dukansu biyun kamu suka iya, ba su da ikon yanke hukunci. Ruwa yana iya washewa tas, ƙwayoyin cuta suna ciki suna iyo.

4. A binciki halinsa

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, masana kuma suka yi wa tsamin ma'auni mai suna pH. Yana tashi daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7. Ƙasa da 7 ɓangaren tsamiya ne, sama da 7 ɓangaren kanwa. Duk mai dafa zoɓo ta taɓa ganin wannan ilimi da idonta: lemon tsami yana ƙara masa ja, kanwa tana mayar da shi duhu mai kore-kore. Don awo na gaskiya akwai 'yar takarda da ake tsomawa, ta canja launi, a gwada da zanen jikin gwangwaninta. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta ce daga 6.5 zuwa 8.5. In alif ya ja ruwan ƙasa da haka, a sirka da wani ruwan, gobe a rage hannu. Kada wani ya ce bari ya jefa kanwa ya daidaita da ka; kanwa ta kunu ce.

5. A miƙe, alƙali ya shigo

Alƙalin shi ne kulorin, na kwalba irin WaterGuard ko ƙwaya irin Aquatabs. Yana da sharuɗɗa uku. Ba ya zama a kan ruwa mai laka, domin lakar ke shanye ƙarfinsa. Ba ya son pH ya haura 8, domin a nan ƙarfinsa raguwa yake. Kuma ba ya son gaggawa: a auna daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba ko takarda gwargwadon litar jarka, a girgiza, a ba shi minti 30. Ko autan gida yana birgima yana cewa ƙishi, a lallashe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan minti 30 ɗin ya kamata a samu ragowar kulorin aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita, kuma kada ya gaza 0.2 a inda ake ɗiba a sha. Ana ganin haka da takardar gwaji ko ƙwayar DPD, wadda ke mayar da ruwa ruwan hoda in alƙali yana nan zaune. In kulorin ya ƙare a gida, wuta tana riƙe masa kujera: ruwa ya tafasa sosai na minti 1.

6. A lura da zafi, shi ne mai ba da beli

Zafi da hasken rana suna korar kulorin. Masu bahon ruwan ɗumi a Amurka da Turai, waɗanda ke jiƙa jiki cikin ruwan da ya kusa digiri 40, sun san haka, shi ya sa suke yawan tsoma takarda su riƙe pH tsakanin 7.2 da 7.8. Baƙin tankin roba da ke kan rufi a watan Afrilu bai yi nisa da bahon nasu ba. Hukuncin shekaranjiya ba ya aiki yau, a sake gwadawa.

7. Abin da ba raha a cikinsa

Kada a haɗa kulorin da asid ko da maganin wanke masai. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. A ajiye kwalbar a inuwa, a inda hannun yaro ba ya kaiwa.

8. A hana shi komawa gidan jiya

Ruwan da aka gyara yakan lalace a hannun masu shansa. Randa ta samu murfi, moɗa ta samu doguwar mariƙi da ƙusar ratayewa, a daina tsoma kofin da aka sha da shi. A wanke randar kafin a zuba sabo.

Gwangwanin takardar gwaji ɗaya yana isar gidaje da yawa, don haka maƙwabta su haɗa kuɗi su saya, a damƙa wa ɗalibin unguwa mai son kimiyya ya riƙa zagayawa. In kuma duk da haka wani ya fara amai da gudawa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari da ruwan da aka gyara, a kama hanyar asibiti a lokacin, kada a jira wayewar gari.