Zomo Mai Kwandon Ƙwai

Sallah ta ƙarato, bazara na gasa mutane, ni kuwa na ɗauko wa kaina dala ba gammo: nema wa 'yar ƙanwata mai shekara huɗu littafin hotuna, mai sanyi, wanda ba a cinye kowa a cikinsa. A Faskari na fara cigiya. Mai shago ya miƙo mini littafin rubutu. Na ce na labari nake so. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, wace jarrabawa za ta zana?"

Sai a Funtuwa na samo guda, a ƙarƙashin tarin littattafan JAMB. Na bikin Ista ne. A bangonsa ga wani zomo fari fat, ya sha 'yar shara, ya rataya kwando cike da ƙwai kala-kala, yana tsalle cikin furanni.

Ni dai tambayata guda ce: ƙwan na wane ne? Zomo ba ya saka ƙwai, ko yaron goye a Sabuwa ya san haka. Ke nan akurkin wani ya shiga, a wannan marra da mai shayi ke ƙirga ƙwansa sau biyu kafin ya fasa. Bai tsaya nan ba, ya zauna ya shafe su da fenti don kada mai kaza ya gane kayansa. Wannan ba sabon shiga ba ne. Gizo ma, duk da sunan da ya yi, ba a taɓa jin ya sayi fenti ba. Da a ƙauyenmu ne, kafin ya kai bakin rafi 'yan banga sun tare shi sun kai shi gaban Mai'unguwa. A tambaye shi inda ya samo kwandon, sannan a kira telan da ya ɗinka masa 'yar sharar, don shi ma yana da bayani. Mu ya ce mana sai bayan Sallah, ashe ɗinkin zomo ne a gabansa.

Na ce to a koma na gida. Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fitar tun 1937, ba shi da na biyu, amma sai wanda ya iya karatu da kansa. Tatsuniya kuma kun sani, kafin a kai ƙurunƙus Dodo ya haɗiye yarinya, kishiyar uwa ta tura marainiya rafi da tsakar dare. Da wannan muke lallashin yara su yi barci, gari ya waye mu yi ta faɗan fitsarin kwance.

Maƙwabcina ya gan ni da littafin zomon ya kwashe da dariya, wai na zubar da kuɗi a kan takarda. Shi kuwa ya sayo wa 'ya'yansa maza bindigar roba, kowa da tasa, irin mai ƙara da walƙiya. A nan fa. A ƙasar da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, inda a 2021 aka katse mana layin waya saboda masu bindiga. Yaron da ya san ƙarar ta gaske tun bai san baƙi da wasali ba, shi ne za a miƙa wa ta roba a ce barka da Sallah. In ya tsare ƙannensa a zaure ya ce a kawo kuɗin fansa, sai manya su bushe da dariya, wai yaro da wayo.

Kuma bindigar ba ta tafiya sai da tabarau. Wa ya kafa mana dokar nan ne? Baƙi ƙirin, ya fi fuskar yaron faɗi, ga takardar kamfani manne a kan ido ɗaya, ba a yarda a ɓare ta ba don kada a ce na bara ne. Yaro na tafe idi da ido guda, yana karo da jama'a, uwarsa na ƙofar gida tana cewa tubarkalla. Kafin liman ya gama huɗuba hannun tabarau ɗaya ya karye, sai a ɗaure da zaren buhu, a haka za a ƙarasa yawon Sallah.