Hoton da Aka Aro Daga Cikin Birni

Duk wanda ya yi wayo a Zazzau kafin 1996 ba sai an tuna masa bazarar shekarar ba. An yi azumi cikin sanyin Janairu da Fabrairu, ana gama hidimar ƙaramar Sallah zafi ya sauko da ƙura, sanƙarau ya biyo bayansu. Yaro zai kwanta da zazzaɓi da ciwon kai, kafin gari ya waye wuya ya sandare, ido ba ya son haske, ana cikin shawarar inda za a kai shi sai a ji salati daga cikin gida. Alƙaluman da aka tattara daga baya sun nuna mutum sama da 100,000 ne suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, akasarinsu yara da matasan Arewa. Har Saudiyya ta rufe wa maniyyatanmu ƙofa a shekarar. A cikin ganuwa kuwa, inda gida ke jingine da gida, yara na kwana a cunkushe a ɗaki mai 'yar taga ɗaya can sama, cutar ta sami wurin zama.

Cikin waɗanda ta ɗauka akwai ɗan ajinmu. Muna ajin ƙarshe a sakandare, saura 'yan makonni mu zauna jarrabawar WAEC.

Ba zan rubuta sunansa ba, 'yan ajin sun san shi. Dogo ne siriri, mai ƙarancin magana, sai fa in an zo kan lissafi, nan bakinsa ke buɗewa. Maraya ne, tsohon keken Raleigh na mahaifinsa shi ya gada, kuma da wuya ka ga keken nan ya fita ta Ƙofar Doka ba tare da goyo ba, wani a gaba wani a kariya. Bayan Isha'i zauren gidansu muke cika. In babu wuta a kunna fitilar ƙwai, shi kuma ya durƙusa da guntun gawayi yana rubuta lissafi a kan daɓe, yana sharewa da tafin hannu, yana sake rubutawa, har sai wanda ya fi kowa taurin kai a cikinmu ya ce ya gane. Bai taɓa gajiya da maimaitawa ba. Da yawa daga cikin waɗanda yau ake miƙe wa tsaye in sun shigo taro, a kan daɓen nan suka haye lissafi.

Mahaifiyarsa, Iya, a lokacin ba mu cika ganin fuskarta ba, don mun wuce shekarun shiga cikin gida kai tsaye. Abincinta muka sani. Ƙanwarsa ce ke fitowa da kwano, yau dambu da zogale, gobe tuwo miyar kuka, cikin azumi kunun tsamiya. Ita kuma Iya da murya ta san mu, daga bayan katanga. Ta san mai dariya da ƙarfi, ta san mai yawan gardama, ta san akwai ɗaya da ba ya cin yaji, shi nasa a ɗan kwano daban ake zubo masa. Da ɗinkin hula take ciyar da gidan. Da lokacin biyan kuɗin jarrabawa ya zo, kwanukan jerenta ta fitar aka kai kasuwa.

Ranar Alhamis ya zo makaranta yana dafe da kai. Ranar Juma'a bai zo ba. Asibitin da aka kai shi ya cika ya batse, majinyata har a baranda da gindin itatuwa. An yi masa allurar da ake yi wa masu cutar a lokacin, amma ciwon ya riga ya yi nisa. Ranar Asabar da hantsi muka ɗauki makararsa, duk da gargaɗin da ake ta yi cewa a rage cuɗanya. Da muka dawo daga maƙabarta muka zauna a zauren nan, rubutun gawayinsa na ƙarshe bai gama gogewa ba. Ɗaya daga cikinmu ya matsa bakin ƙofar shiga gida, ya ɗaga murya yana kuka ya ce, "Iya, ɗa ɗaya Allah ya karɓa, ya bar miki aji guda." Duk muka amsa. Na tabbata har cikin zuciyarsa ya faɗa, mu ma har cikin zuciya muka amsa. Da jarrabawa ta zo, lambarsa na rubuce da alli a kan teburin da babu kowa.

Shi ne ɗan Iya na fari. Wanda ya tashi a gidajen birni ya san abin da wannan ke nufi: ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko da yana raye ba ta kallonsa ido cikin ido. Ranar rasuwar ma ba a ji kukanta a waje ba. Kunya ta hana ta kiran sunan yana da rai, ba kuwa za ta fara ba don ya rasu. Dangin uba sun watse, ƙannensa ba su gama sanin sa ba. Saboda haka hanya ɗaya ce ta rage wa matar nan ta ji sunan ɗanta a duniya, wato wani ya zo ya faɗa a gabanta.

Akwai wani a ajinmu da bai yi nisa a boko ba. Sakamako bai yi masa kyau ba, ya koma zauren kakanninsa ya ɗauki allura. Sana'ar birnin ce tun tale-tale: mai zane ya zana, mai ɗinki ya bi da zaren siliki, aska biyu ko aska takwas, riga ɗaya ta ci wata da watanni kafin a kai ta wurin masu bugu. Aiki ne mai cin ido da baya, riba kuma ta dillali ce. Wannan bawan Allah, tun daga makon bakwai ɗin marigayi, in an sauko Juma'a sai ya biya ta gidan Iya. Wata rana da goro, wata rana da sabulu, wata rana hannu rabbana. Kafin damina yakan zo da yaransa su yi wa katanga yaɓe, su gyara indararo. Da yanar ido ta rufe mata gani har ta ajiye ɗinkin hula, shi ya kai ta aka cire. Da rigakafin sanƙarau na MenAfriVac, wanda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ya shigo Najeriya daga 2011 har ya iso unguwar, su biyun suka bi gida-gida, shi yana magana da maza a zaure, ita tana ciki tana ce wa mata, "Ku kai su, ni na ga abin da idona."

Na sha raka shi, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai ba yaɓen ba ne. In an gama gaisuwa yakan zauna a bakin ƙofar ɗakinta ya ɗauko labari. Sai ya kama sunan, ɓaro-ɓaro, ya ce ranar da wane ya faɗa kwata da keke da mutum biyu a kai, ko ranar da wane ya gyara wa malami lissafi a allo cikin ladabi har malamin ya sa masa albarka. Iya takan kawar da kai gefe, ta shiga tsintar abin da babu a kan tabarma, kamar ba da ita ake ba. In ya yi shiru sai ta ce, "Sai kuma aka yi yaya da abokin naka?" Labaran ba su da yawa, yaron bai daɗe a duniya ba. Ta ji kowanne ya fi a ƙirga. Ba ta taɓa cewa ta ji ba.

Malamai na karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya yanka akuya yakan aika da nama ga ƙawayen Nana Khadija, shekaru bayan rasuwarta. Mai ɗinki bai taɓa kawo mini wannan hujjar ba. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Ai mun ci abincinta."

Sauran ajin kuwa Allah ya yi musu buɗi, muna kuma yi musu murna. Akwai farfesa, akwai likita, akwai manyan ma'aikata a Kaduna da Abuja. Muna da ƙungiya, muna da dandali a WhatsApp, kuma ana aikin alheri a ciki: an biya wa marasa lafiya kuɗin magani, an gyara azuzuwa a tsohuwar makarantarmu. Duk shekara in bazara ta zagayo wani zai rubuta sunan marigayi, addu'o'i su yi ta sauka har dare. Mai ɗinki ba ya ciki, wayarsa ƙarama ce mai maɓallai. Iya kuwa ba ta san ana yi ba. Ana shigowa birnin ma: ana zuwa hawan Sallah, ana zuwa hawan Daushe, kuma da wani sashe na Masallacin Juma'a, ginin Babban Gwani Malam Mika'ilu na shekarun 1830, ya rufta kan masallata a watan Agusta 2023, 'yan ajinmu sun yi ayari sun zo jaje fada. Daga ƙofar fada zuwa gidan Iya tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa.

Bana aka shirya bikin cika shekara 30 da gama makaranta. An kama ɗakin taro a wani otal a Abuja, an fitar da anko, an ce za a buga mujalla mai shafi na musamman don waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai aka nemi hoton marigayi aka rasa. Nan aka tuna da mai ɗinki, aka nemo lambarsa, aka ce ya gaya wa Iya za a zo ranar Asabar. Shi kuma ya isar da saƙo yadda ya ji shi: abokan za su zo.

Tun Juma'a da yamma ta sa jikokinta suka share zauren, aka aro tabarmi a maƙwabta. Asabar da asuba aka ɗora dambu. Da na iso bayan Azahar na tarar da babban kwano a rufe, ga wani ƙarami a gefensa. Ban tambaya ba, na san na wane ne. Ta sa zanenta na Sallah. Duk sallamar da aka yi a waje sai ta ɗaga kai.

Bayan La'asar wani saurayi ya yi sallama, da buhun shinkafa a kafaɗa da ambulan a aljihu. Direba ne, yaro mai ladabi, da ganinsa ba a haife shi ba a 1996. Ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, Alhaji ya ce a gaishe ki da kyau. Ya ce a ba ni hoto."

"Su suna tafe a baya ne?"

"A'a, Mama, ni kaɗai aka turo. Taro ya riƙe su a Kaduna."

Ta ɗan jima ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "To, madalla. Manya ne yanzu, jama'a na kansu. Kuma lungun namu mota ba ta shiga. Zauna ka ci abinci, ɗan nan, ka sha hanya."

Ta shiga ɗaki ta buɗe adaka, ta fito da wata leda a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ɗan ƙaramin hoto ne, wanda aka ɗauka don takardar jarrabawa, da farar rigar makaranta, gefensa ya fara ja. Mai ɗinki ya ce ko a ɗauka da waya a bar mata abinta. Direban ya ce an ce masa ainihin hoton mai bugawa ke so, don ya fita sosai. Iya ta miƙa masa da hannu biyu ta ce, "Shi ke nan gare ni. In an gama a dawo mini da shi." Yana cin dambu tana tambaya: mai dariyar nan da ƙarfi yana nan? Mai gardamar fa? Wanda ba ya cin yaji, ya yi aure, 'ya'yansa nawa? Direban bai san su ba, mu muka riƙa amsawa. Duk wanda aka faɗa mata matsayinsa sai ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, shi da zuriyarsa. Da magariba ta ƙarato aka kira almajirai aka juye musu sauran abincin.

An yi taro, ya yi kyau. Shafin marigayi ya fito tsaf. Wani ya tashi ya ba da labarin zaure da gawayi da kwanon dambu, muryarsa na rawa, mutane suka share hawaye, kuma hawayen gaskiya ne. Aka yi masa addu'a mai tsawo.

Hoton dai bai dawo ba. Sakatare na zaton yana wurin mai bugawa, mai bugawa ya ce ya mayar, ana kan dubawa. Mujallar ma ba a kai mata ba tukuna. Iya ba ta ambaci hoto da bakinta ba, sai dai duk Juma'a in an gama gaisuwa takan ce, "An gama taron nasu kuwa?" Mai ɗinki ya ce an gama, Iya. Ta ce Allah ya sa an tashi lafiya.

Da na gaya wa mai ɗinki zan rubuta wannan, roƙo ɗaya ya yi, in sa a ciki cewa gidan bai tashi daga inda yake ba, kuma akwai wurin ajiye mota a bakin titi. Ya ce in an sauko Juma'a yakan ɗan dakata a ƙofar masallaci ta wajen fada kafin ya wuce, ko da akwai wanda hanyar ta shige masa, sai su tafi tare.