Keken Shiga-Ko'ina da Masu Sayensa

Ranar Asabar, a manyan shagunan kayan jarirai na Landan ko Mancesta, akwai lungun da ba ya rabuwa da jama'a. Nan ake jera kekunan tura yara masu kujeru biyu da ƙosassun tayoyi, waɗanda masu ƙera su ke rantsuwa babu hanyar da ta gagare su, tsakuwa ce ko taɓo, rairayin bakin teku ko dusar ƙanƙara. A kira shi keken shiga-ko'ina. Larura ɗaya ce ta tara masu zagaya lungun: ko dai Allah ya ba su Hassan da Husaini, ko kuma ƙani ya iso tun wansa bai gama koyon tafiya ba. Sai dai in ka saurari tambayoyin da suke yi wa mai shago, za ka gane kowa wata rayuwa ya zo saye, keken rakiya ya yi. Hanyar da ke kayar da wannan keke kuwa tana nan tsakanin falo da tashar bas, wato ƙofar gida da matakala da but ɗin mota, alhali mafi yawan masu sayen idonsu na can saman dutse.

Tarihin keken ma shaida ne, domin duk wanda ya kawo sauyi a cikinsa wata takamaimiyar matsala ce ta tsaya masa a wuya. A 1733 William Kent ya ƙera wa 'ya'yan wani basaraken Devonshire ɗan keken da akuya ko ƙaramin doki ke ja, don yawo cikin lambu. Owen Maclaren, injiniyan da ya yi aiki a kan ƙafafun jirgin yaƙin Spitfire, ya ga yadda 'yarsa ke fama da ƙaton keke a tafiye-tafiye, sai ya fito da na alminiyam mai naɗewa kamar lema a 1965, nauyinsa wajen kilo 3. Phil Baechler, ɗan jarida a Yakima ta jihar Washinton, gudu yake so ya yi ga kuma ɗa a hannu, shi ya sa ya haɗa mai tayoyi uku irin na keken hawa, ya kafa Baby Jogger a 1984. Mountain Buggy kuma daga Niyu Zilan ya fito a 1992, ƙasar da tudu ke farawa daga bakin ƙofa. Kowannensu ƙasar da yake takawa ya duba.

Sarkin Dawa bai dubi tasa ba. Shi ne na farko da za ka gane a shagon, domin ba ya taɓa kujerun, tayoyi yake latsawa da babban yatsa kamar mai tayin kankana. Yana zaune a hawa na uku a gidan da ba shi da lif, rabonsa da fita bayan gari tun kafin aure, amma a zuciyarsa ya riga ya hango kansa a kan tsaunukan arewacin Ingila, iska na kaɗa rigarsa, yara biyu na masa dariya. Ya tambayi birkin hannu, ya tambayi sifirin, ya tambayi ko tayar baya ta kai inci 16. Nauyi ne kaɗai bai tambaya ba. Irin waɗannan kekuna sukan kai kilo 13 zuwa 16 ba kowa a ciki. Ka ɗora yaro mai shekara biyu, ka ɗora jariri, ka rataya jakar kunzugu da madara, sai ka tasam ma kilo 40, ga shi buhun siminti kilo 50 ne. Wannan kayan ne matarsa za ta riƙa hawa da sauka da shi yana ofis. Tayar kuma mai iska ce, ƙusa na huda ta, a titin Ingila kuwa babu mai faci zaune gindin bishiya da famfo yana jiran ciniki. Bayan shekara guda, taɓon da tayoyin suka gani bai wuce na filin ajiye motoci na Tesco ba.

Za a ce na yi masa rashin adalci, domin babbar taya tana da amfani ko a tsakiyar birni. Gaskiya ne. Taya tana hawa cikas cikin sauƙi ne in cikas ɗin ƙarami ne a kan girmanta, shi ya sa 'yar tayar roba mai tauri ke cijewa a bakin kwalbati, babba kuwa ta wuce kamar ba komai. Duk wanda ya tura jariri mai barci a kan tsofaffin titunan dutse na Edinbara, ko ya fita da yara a watan Janairu a Toronto, ya san darajar iskar da ke cikin taya. Amma wannan hujjar tawa ce. Mazaunin Toronto da ya sayi babbar taya dusar ƙanƙarar ƙofar gidansa ya duba. Laifin Sarkin Dawa ɗaya ne, ya biya kuɗin hanyar da ba ya bi da wahalar hanyar da ake bi kullum.

Kusa da shi ga Alƙali, wanda damuwarsa ta fi ta kowa tsarki: kada a zalunci ɗaya daga cikin yaran. Kujeru gefe da gefe, ko ɗaya gaba ɗaya baya? Yakan yi sa'a guda yana shari'ar nan shi kaɗai. In gefe da gefe ne kowa na ganin duniya daidai wa daida, amma hannun babba yana kaiwa ga biskit ɗin ƙarami da ma idonsa, kuma in ɗaya ya fi ɗaya nauyi sosai keken yakan riƙa karkata gefensa. In irin na kamfanin phil&teds ne, mai ajiye kujera ta biyu a baya daga ƙasa, keken bai fi na yaro ɗaya faɗi ba, sai dai na ƙasan zai san bayan kujerar wansa fiye da yadda ya san birnin. Dogon kuma, mai kujera gaba da baya, ɗaga bakinsa a hau dakalin titi aiki ne, tunda nauyin ya yi nisa da mariƙi. Abin da Alƙali bai lura ba shi ne, masu ƙarar ba za su tuna hukuncinsa ba, kuma duk kujerar da ya ba babban, ta ƙaninsa zai ce yana so.

Hajiya A-Gan-Ni ba ta da wannan ruɗanin, da sunan abin da take so ta shigo. Wani kamfanin Holan mai suna Bugaboo yana da keken da ya raɗa wa Donkey, ma'anarsa jaki, wanda kuɗinsa ya haura fam 1,000 in an haɗa kujeru biyu. Dabbar da a Kano yashi take ɗauka, ga ta nan ta zama abin tinƙaho a bakin makarantar renon yara. Hajiya ta fi damuwa da ko launin rumfar zai shiga da jakarta, kuma ranar da aka yi ruwa tana jin tausayin keken fiye da takalminta. Duk da haka kada a raina zaɓin nata gaba ɗaya. Jakin nan ana buɗe shi daga santimita 60 ya koma 74 in ƙani ya zo, a sake tsuke shi in babban ya yaye kansa daga zama, kuma irin waɗannan kekuna ba sa faɗuwa warwas in an tashi sayarwa. Ta yiwu Hajiya ta dace, amma dacewar makaho ce da ya taka kuɗi. Santimitar ba ta cikin lissafinta.

Akwai kuma Shehin Bincike, wanda ya buɗe jadawali a kwamfuta tun cikin yana wata huɗu. Ya jera kekuna goma sha biyu, ya ba kowanne maki, kullum sabon bayani na rusa na jiya. Aka yi suna bai yanke ba. Abin da ya manta ya sa a jadawalin shi ne lokaci: in tazarar yaran shekara biyu ce, zaman da za su yi tare cikin keke gajere ne, don da babban ya doshi uku zai fara ƙin zama, sai dai ɗan allon nan mai taya da ake maƙalawa a baya ya tsaya a kai. Ranar da Shehi ya gama bincike, wanda aka yi dominsa yana can gaba a guje.

Ɗan Gwanjo ya fi shi wayo, kuma na fi jin maganarsa. Ya san Sarakunan Dawa suna da yawa, kuma kowannensu wata rana zai sayar da keken da bai ga dawa ba a rabin kuɗi. Inda yake tuntuɓe shi ne in araha ta rufe masa ido. A Nuwamba 2009 an yi shelar gyara kekunan Maclaren kusan miliyan ɗaya a Amurka, bayan rahoton yara goma sha biyu da mahaɗin naɗe keken ya datse wa kan yatsa. Irin wannan shela tana isa ga mai saye na farko, na uku kuwa sai in ya nema da kansa. Ɗan Gwanjo na ƙwarai yakan duba lambar keken ya bincika ko an taɓa yin shelar gyara a kanta, ya taka birki ya tura ya ga ko ya riƙe, ya ja maɗaurin nan mai harshe biyar da ke kama kafaɗu da ƙugu da tsakanin ƙafafu, ya naɗe ya buɗe sau uku a gaban mai shi. Na banza kuwa farashi kawai yake ji, ya dawo gida da keken da ke tafiya a karkace kamar kaguwa.

Mai gudun gaskiya ba shi da abin dariya da yawa. Yana kulle tayar gaba don kada ta yi rawa, yana ɗaura igiyar mariƙi a wuyan hannu, kuma ba ya gudu da jariri sai wuya ya yi ƙwari, abin da masu ƙerawa kan ce sai an wuce wata shida ko fiye. Dominsa aka yi keken, shi ya sa ba ya daɗewa a shago.

Ƙalubale mafi ƙarfi daga Kaka yake zuwa. An ɗauko ta daga Kano ko Damagaram don zaman jego, an kawo ta shagon ta sa albarka, ta ji an juya farashin zuwa naira, ta yi salati ta nemi wurin zama. A ganinta keken shiga-ko'ina tuni aka ƙirƙiro shi, sunansa zani da majanyi. Yana hawa matakala, yana shiga kasuwa, yana tsallake kwata, ba ya faci, ɗa kuma yana jin ɗumin uwarsa. "Ke 'yar nan, me ya sami bayanki?" Ba ƙaramar hujja ba ce, kuma Turawan ma sun dawo suna sayen majanyi da tsada da sunaye iri-iri. Amma goyon da Kaka ta sani ba zani kaɗai ke riƙe shi ba. Gida ne cike da hannuwa: ga kishiya ko facala, ga 'yar riƙo, ga yayar da ta isa ɗaukar ƙani, ga maƙwabciya ta katanga. Uwar tagwaye a can baya ɗaya gare ta, amma bayan aro ba ya yankewa. 'Yar Kaka a Mancesta ita kaɗai ce daga safe zuwa dare, ga sayayya a hannu, ga ruwan sama, ga tafiyar minti ashirin zuwa asibiti. Gurbin waɗancan hannuwan keken yake cikewa. Bizar Kaka kuma wata shida ce.

Na bar Malam Awo a ƙarshe don shi ne wanda kowa ke yi wa dariya a shagon. Ya shigo da tef irin na tela a aljihu da 'yar takarda mai lambobi. Bai dubi hoton tsaunin da ke jikin kwali ba, durƙusawa ya yi ya auna daga gefen taya zuwa gefen taya. Ya san ƙofar ɗaki da aka saba sawa a Ingila faɗinta santimita 76 ne, kuma in an buɗe ta kaurin ƙyauren yana cin wani abu daga ciki. Ya san Duet na Mountain Buggy 63 ne, Nipper mai kujeru biyu 72, jakin Hajiya 74, wasu kekunan gudu kuwa suna kaiwa 77 zuwa 80, wato dai sai an sauke yara masu barci a waje, an naɗe, sannan a shiga. Ya sa mai shago ya naɗe keken, ya auna, ya gwada da lambar but ɗin motarsa. Ya san kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan ake shiga ba tare da matakala ba. Ya kuma san gurbin da ke cikin bas na masu keken guragu ne kafin kowa, musamman tun hukuncin da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a Janairu 2017 a ƙarar Doug Paulley, wanda ya rasa shiga bas zuwa Lidis a 2012 saboda wata uwa ta ƙi matsar da keken jaririnta mai barci. Kotun ta ce bai isa direba ya roƙa sau ɗaya ya yi shiru ba. Saboda haka Malam Awo yana gwada naɗewa da hannu ɗaya, ɗaya hannun rungume da jakar matarsa a matsayin jariri, yana ƙirga daƙiƙoƙi a fili, matar tana kallon silin kamar ba tare suka zo ba.

Ana iya cewa mutumin nan ya kashe daɗin abin, ya mai da murnar haihuwa aikin kafinta. Wataƙila. Sarkin Dawa ma da ya wuce ta gefensa riƙe da rasit ya yi masa kallon tausayi, ya tura ƙaton kwalinsa zuwa mota. Yanzu haka yana filin ajiye motoci, ya kwantar da kujerun baya, ya cire tayoyin ya ɗora wa matarsa a cinya, but ɗin dai ya ƙi rufuwa, kuma bai riga ya tuna cewa a kujerun da ya kwantar ɗin ne yaran za su zauna ba.