Zuwa ga Taubashina, Sarkin Kokwambar Zakka

Gaisuwar ubangida ga bawansa, ɗan mace. Labari ya iske ni har Dutsinma cewa ka kafa rumfar leda a bayan gari ka shuka kokwamba. Gurjin da muka tashi muna ci ya yi maka ƙauyanci ke nan. An ce yanzu ko jaki ya wuce da mangalar taki sai ka toshe hanci, wai kai manomin zamani, ba ka san komai ba sai buhu.

To madalla. Ina 'ya'yan? Masu leƙa rumfar sun ce ganye ya yi shar har ya taɓo rufi, amma kokwambar sai an sa tabarau. 'Yan ƙwayoyin da suka fito kuwa wuya siriri, gindi ƙato, ga ɗaci. Wa zai saya maka wannan a kasuwar Batsari?

Matso in karanta maka, tunda makaranta ba ta karɓe ka ba. Buhun yuriya mai kilo 50, kilo 23 na cikinsa naitirojin ne, shi kuwa ganye yake ginawa. Kokwamba in ta fara fure fotash take nema, wato lamba ta uku da ke jikin buhun kamfa 15-15-15. Kai kuwa yuriya safe, yuriya yamma.

Babban abin da ya shige maka duhu shi ne rufin nan da kake taƙama da shi. A fili, in ka yi wa gona ɓarin takin zamani, ruwan Agusta zai wanke maka laifinka. Cikin rumfa ba damina. Gishirin takin yana nan yana taruwa, ka ba da ruwa, zafi ya busar, ya sake tasowa sama. Duƙa ka dubi kan kunyarka: farin garin nan da ka ɗauka kanwa ce, shi ne. Saiwar kokwamba ba ta nisa, ba ta kuma jure gishiri, shi ya sa bakin ganyen yake ƙonewa alhali ƙasa na jiƙe.

Ƙasarmu kuma jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Takin gida ne yake ba ta jiki, ya riƙe laima, ya riƙa sakin abinci sannu a hankali. Na san ya yi tsada tun da satar shanu ta rage garkunan da ke kewayen dajin Rugu, Allah Ya kawo mana ƙarshenta. Amma turken awakin inna yana nan.

Na san halinka, kada ka ji haka ka kwaso ɗanyen kashin kaji ka zuba. Rumfa a rufe, ga rana, tururinsa kaɗai ya isa ya babbake maka shukar. Tara shi, ka yayyafa ruwa, ka riƙa juyawa har ya huce, ya yi baƙi, warin ya tafi. Shi za ka haɗa da ƙasa kafin shuka. Kamfa kuma kaɗan-kaɗan, nesa da gindi, ka bi da ruwa. Takin gida shi kaɗai ba zai ciyar da kokwambar da ake tsinka kullum ba, don haka ban ce ka jefar da buhu ba.

Kuɗin sharar bana kada ka sa rai da ko kwabo. Mangala biyu ta ruɓaɓɓen taki zan aiko maka, kai za ka sauke da kanka, ka kuma ba jakin ruwa.