Wankin Cikin Zamani: Asalinsa, Sharuɗɗansa da Abubuwan da ke Warware Shi

Wankin cikin zamani wata al'ada ce da ta bazu a tsakanin ma'aikatan ofis, matan manya da 'yan kasuwar da tumbi ya fara hana su ganin yatsun ƙafarsu, musamman a Abuja, Kano da Kaduna. Mai yin sa yakan ƙaurace wa nama, kifi, ƙwai, nono, man shanu da sukari na wasu kwanaki, galibi bakwai, goma ko ashirin da ɗaya, ya koma ga ganye, 'ya'yan itace da wani koren ruwa da ake markaɗawa da sassafe, da niyyar fitar da gubar da ya yi imani ta taru a jikinsa. Ya bambanta da azumi ta fuska biyu: ba a samun lada, kuma ba ya inganta sai an sanar da jama'a.

Bahaushe ya san wankin ciki tun kafin zuwan wayar hannu. Uwa kan jiƙa filasko ta ɗura wa yaro ranar da babu makaranta, a yini ɗaya a gama, ba wanda ya sani sai buta. Na zamani kuwa daga Amurka ya taso. A shekarun 1940 wani mutum mai suna Stanley Burroughs ya fito da tsarin shan ruwan lemon tsami da barkono da zaƙin wata bishiya har kwana goma ba tare da abinci ba, ya kuma fitar da littafi a kai a 1976. Abin ya samu sabon jini a 2006, lokacin da mawaƙiya Beyoncé ta ce da shi ta rage ƙiba saboda wani fim. A ɗaya ɓangaren, a Ingila aka kafa ƙungiyar masu guje wa duk abin da ya fito daga dabba a 1944, sannan a 2014 aka fara gangamin barin nama a duk watan Janairu. Waɗannan aƙidu biyu suka haɗu a intanet, suka ƙulla aure, abin da suka haifa ya iso ƙasar Hausa ta Instagram, TikTok da zauren WhatsApp na dangi. Da yawa daga cikin shayin rage ƙiba da ake shigo da su cikin kwali mai hoton siririyar mace, idan aka karanta bayansu, ganyen dangin filasko ne a ciki. Bambancin kawai shi ne ba a ɗura wa mutum, shi yake biya ya ɗura wa kansa.

Ita gubar da ake fitarwa har yau ba a samu wanda ya faɗi sunanta ba. A 2009 wasu matasan masana kimiyya a Birtaniya sun bi diddigin kayayyaki 15 da ke iƙirarin wanke jiki, suka nemi masu su su nuna hujja, aka rasa mai gamsasshiyar amsa. Abin da likitoci suka sani shi ne aikin tace jiki yana hannun hanta da ƙoda. Ƙodar mutum mai lafiya tana tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana, ta mayar da kusan duka, ta zubar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Waɗannan ma'aikata biyu ba sa tafiya hutu, ba sa yajin aiki, ba su taɓa neman a biya su da kokwamba ba. Duk da haka mai wankin ciki yana da yaƙinin cewa sun yi sakaci, kuma shi ne zai gyara musu aiki a mako ɗaya.

Sharaɗi na farko shi ne sanarwa. Daren jajibere mai niyya yakan je ya yi bankwana da mai tsire, ya ci rabon mutum uku, sannan ya ɗora hoton kwandon kayan lambu a sitatus da rubutun "Rana ta ɗaya, a taya mu da addu'a." Na biyu kayan aiki ne: bilenda mai ƙarfi, gora mai lambobi a jiki, sikeli, kwalbar man zaitun, da tabarmar motsa jiki wadda daga baya yara ke kwanciya a kai su kalli talabijin. Na uku cefane, kuma wajibi ne mutum ya je da ƙafarsa ko da sau ɗaya ne, domin a samu hoto. Masu kayan gwari a 'Yankaba da masu 'ya'yan itace a 'Yan Lemo sun iya gane irin wannan baƙo tun daga nesa, domin shi kaɗai ne ke shinshina kabeji. Da an ce masa "Ranka ya daɗe, na dayet ne?" ya amsa da fara'a, ciniki ya ƙare, farashi ya ninka.

Koren ruwan shi ne ginshiƙin al'amarin. Ana haɗa kokwamba, alayyahu, citta, lemon tsami, tuffa da duk wani ganye da bai gudu ba, a zuba a bilenda bayan sallar asuba. Daidai lokacin da aka danna sai a ɗauke wuta. A tashi yaro ya ja janareta, maƙwabta su farka, a markaɗa, a tace da rariya, a zubar da dusar, wato a zubar da ɓangaren da hanji ya fi buƙata. Abin da ya rage launinsa da warinsa kamar ruwan da aka wanke turmin dakan kuka ne. Mai sha yakan rufe ido, ya toshe hanci, ya ɗaga kofin gaba ɗaya, jijiyoyin wuyansa su miƙe, ƙwalla ta taru, sannan ya goge baki ya rubuta: "Wallahi har na fara jin jikina sakayau."

Babin da ya fi ɗaure wa masu nazari kai shi ne na zogale. Wannan bishiya, wadda asalinta daga Indiya ne, ta daɗe a shingen gidajen Hausa, awaki na ci, mutane na ci. Ana dafa ganyen, a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, attaruhu da ɗan gishiri, 'yan mata su ɗauka a kwano su zaga unguwa. Mutumin da yanzu yake wankin ciki shi ne wanda shekara goma da suka wuce ya hana a shigo masa da kwaɗo gida, wai abincin 'yan ƙauye ne, kuma shi ne ya sa aka sare zogalen tsakar gida don a shimfiɗa tayil. Yau ga shi a babban kanti mai sanyi yana sayen garin ganyen nan cikin ƙaramin gwangwani mai rubutun Turanci, a kuɗin da zai saye kwanon mai talla da shi kansa faifan rufin. Haka abin ya faru da kuka: sai da Tarayyar Turai ta amince da garin 'ya'yanta a matsayin abinci a 2008 sannan wasu 'yan birni suka gano tana da amfani. Acca ta samu irin wannan takarda a 2018, bayan mutanen Filato da Kudancin Kaduna sun shafe ƙarnoni suna ci ba tare da izinin kowa ba. Zoɓo kuwa, wanda ake lodinsa daga Jigawa da Kano zuwa Meziko, darajarsa a teburin manya tana tashi ne idan an zuba shi a kofin gilashi mai doguwar ƙafa. Tafasa, rama, yaɗiya da dinkin suna nan suna jiran layi. Tsofaffin da suka ci tafasa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ba su san suna kan tsarin gyaran jiki ba, sun ɗauka yunwa ce.

Nauyin al'adar ba a kan mai yin ta yake sauka ba, a kan mai girki ne. Idan maigida ne ya shiga, uwargida ta koma ɗora tukunya biyu, ta gida da ta mai jinyar da ba shi da ciwo. Kowane sinadari sai an nemi izini. "Baban yara, daddawa fa, ita ma gubar ce?" Sai ya ce ta dakata, ya ɗauko waya ya bincika, alhali kowa ya san daga kalwar ɗorawa ake yin ta. A cire magi, a cire manja, a cire man gyaɗa, a rage gishiri, sannan ya ɗanɗana ya ce hannunta ya lalace. Idan kuwa uwargidan ce ta shiga, yawanci saboda ɗinkin ankon biki ya matse, to tukunya ɗaya ake ɗorawa, gida gaba ɗaya ya shiga wankin ciki ba tare da an tambaye shi ba. A irin wannan gida ake ganin yara sun ƙaru da son zumunci, suna yawan kai ziyara maƙwabta daidai ƙarfe biyu na rana.

Abin takaicin shi ne kicin ɗin Bahaushiya ya riga ya mallaki abin da ake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Faten acca ko na tsaki da yakuwa, alayyahu da gauta, miyar taushe da kabewa, dambun zogale, wake da alayyahu, duk suna kan wannan hanya idan aka sassauta hannu wajen mai da dunƙulen magi, wanda babban kasonsa gishiri ne. Matsalar fate ɗaya ce: ba ya kyau a hoto.

Dangi suna da nasu fassarar. Ranar da mahaifiya ta zo ta tarar da ɗanta, mai mota biyu, yana tauna ɗanyen karas da rana tsaka, takan yi shiru, ta bari surukarta ta fita, sannan ta matso. "Kai, faɗa mini gaskiya, kasuwa ce ta juya, ko ita ce ba ta ba ka?" Duk bayanin da zai yi kan guba ba ya shiga. Washegari sai ga ɗan aike da kwanon farfesun kayan ciki da kwalbar rubutu.

Kwanakin suna da matakai sanannu. Rana ta ɗaya da ta biyu na wa'azi ne, inda mai wankin ciki ke tsayawa a kan abokan aiki suna cin shinkafa da kaza yana lissafa musu cututtukan da ke jiransu. A rana ta uku ciwon kai ke sauka, saboda jikin da ya saba da shayi mai kauri da sukari cokali huɗu ya fara tambaya. Wannan ita ce ranar da direba, masinja da yara ke shan faɗa ba laifi. Daga rana ta huɗu ake buɗe ƙofar fatawa. Romo dai ruwa ne. Kifi ba ya cikin lissafi tunda ba a yanka shi. Akwai ma mazhabar da ke ganin cewa tunda saniya ciyawa take ci, tsire ganye ne da ya biyo ta hannu na biyu. Masu tsantseni ba sa zuwa nan, su sukan gano wata ƙofa mafi faɗi, wato cewa awara, ƙosai, fanke, ɗanwake, gurasa da garau-garau duk babu dabba a cikinsu. Ta wannan hanya, ba tare da saɓa wa ƙa'ida ko ɗaya ba, an samu waɗanda suka fito daga wankin ciki wandonsu ba ya rufuwa.

Sikeli yakan ba da labari mai daɗi a makon farko, kuma ba ƙarya yake ba, sai dai bai faɗi duka ba. Jiki yana ajiye kimanin rabin kilo na sukari a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya kuma yana riƙe da kusan giram uku na ruwa. Da an rage abinci wannan ajiya ake fara ci, ruwan ya bi fitsari. Kilo ɗaya ko biyun da ake yi wa shela yawanci wannan ne, haɗe da abin da filasko ya kora. Teɓa tana nan inda take, tana kallo.

Akwai kuma ɓangaren da ba na dariya ba. Mai ciwon suga da ke shan magani, mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da mai shayarwa suna iya jefa kansu cikin haɗari da irin wannan tsari idan ba likita a ciki. Yawan shan mai sa gudawa yana ƙarar da ruwan jiki da gishirinsa. Wanda ya bar abincin dabba na dogon lokaci yana buƙatar ƙwayar bitamin B12, domin ganye ba ya ba da shi. Ɗanyen latas da kabeji kuma suna son wanki na gaske, ganin cewa wasu lambunan cikin birni, irin na gefen Jakara a Kano, da ruwan da gari ya zubar ake ba su. Wanda ya yi sakaci a nan yakan samu wankin ciki na haƙiƙa, har da ƙarin ruwa a gadon asibiti.

Abubuwan da ke warware wankin ciki suna da yawa: ɗaurin aure, suna, walimar sauka, zuwan baƙo, tafiya, kyautar kilishi, da bin titin da hayaƙin balangu ke ketarawa bayan magariba. Mafi ƙarfinsu Babbar Sallah ce, wadda ba a taɓa jin tsarin da ya tsallake ta da rai ba. Warwarewar ba a sanar da ita. Sitatus dai yakan tsaya a "Rana ta biyar", sannan ya koma ayoyi da hotunan yara. Idan aka matsa da tambaya, amsar ita ce likita ne ya ce a ɗan dakata, ko da yake ba a ga lokacin da aka je wurinsa ba. Bilenda ta koma markaɗen kayan miya da kunun aya, sikeli ya shige ƙarƙashin gado, kilo biyun da suka tafi su dawo da 'yan rakiya. Game da ramuwa, akasarin masu wannan harka sun tafi a kan cewa ranar Litinin ake sake farawa, sai dai har yanzu ba su yi ittifaƙi kan wace Litinin ba.