Wurin Shaƙatawarmu Ya Fi Na Amurka

Mutanen New York sun ishe mu da cika baki kan Central Park, wai eka 843 na itatuwa da hanyoyin ƙafa a tsakiyar gari. Allah sarki! Da za su leƙo Zamfara su ga Dajin Sububu ta wajen Maradun, da sun kama bakinsu. Namu ko sisin kwabo ba a kashe wajen dasa shi ba. Ba katanga, ba lokacin tashi, kuma jami'ai ba su cika shiga su takura wa baƙi ba.

Shiga kyauta ce. Wajen fita ne dai sai dangi sun sayar da gona da shanun huɗa, wani lokaci a ɗora da sabon babur da katin waya. Kuma ina ka taɓa jin wurin shaƙatawar da ma'aikatansa ke zuwa har gida da tsakar dare, su ƙwanƙwasa maka ƙofa, su yi maka rakiya? Likita ya ce a riƙa tattaki saboda hawan jini. To ga tattaki nan, ba takalmi, ƙaya na sosa maka tafin ƙafa, mai rakiya na biye da bindiga don kada ƙyuya ta kama ka. Wanda ya shiga da tumbi, in Allah ya yi masa fitowa, sai ya riƙe wando da hannu.

Ɗalibai ma ba a manta da su ba. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashi 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, yawon buɗe ido ba tare da an wahalar da iyaye da neman izini ba. A watan Agusta kwalejin noma ta Bakura ta samu nata rabon. Da Satumba ta kama, sai hukuma ta katse layukan waya, mai yiwuwa don kada ƙara ta dami masu hutawa, aka kuma rufe kasuwannin mako, har a Talata Mafara, garin da sunansa ma na ranar kasuwa ne.

Ai dole mu yi godiya. Bakura ta ba jihar nan gwamna a 1999, Talata Mafara ta bayar a 2011, Maradun a 2019. Jimillar shekara 20 ke nan mulki ya yi a hannun 'yan waɗannan garuruwa, shi ya sa harka ta bunƙasa har ta fito bakin gona: a ƙauyuka da dama manomi sai ya yanki tikiti wajen masu dajin kafin ya girbe geronsa, kuma ba sa ba da rasit.